Takardun inna na cikin jakata, na kasa kai su wurin rajistar asirans ɗin lafiya

Maman_Nafisa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tawa nake rubutu, don Allah masu sani su taimaka mini. Matan unguwarmu sun kawo maganar mu shiga mityel na lafiya, kowa ya zuba ɗan kuɗi a shekara, in ciwo ya zo a rage masa kuɗin likita da na magani. Na yi murna ƙwarai, don inna na da hawan jini, duk wata sai mun je farmasi. An ce mu kawo fotokopin kartin dantite, da takardar haihuwa, da hoto biyu, da lambar waya. Akwai kuma takardar cikewa, da wurin da ake rubuta ciwon da mutum ke fama da shi. Da na gaya wa yayana da ke Faransa, sai ya ce in dakata tukuna, wai a can an kwashe bayanan masu asirans miliyan 33. Kwana uku ke nan takardun na cikin jakata. In Faransa da duk kwamfutocinta an yi mata haka, mu fa? Kuma ɓarawo me zai yi da sunan tsohuwa da ranar haihuwarta?

Sani_Rezo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yayanki gaskiya ya faɗa. A farkon 2024 abin ya faru, a Fabrairu hukumar CNIL da ke tsaron bayanan jama'a a Faransa ta sanar. Kamfani biyu aka shiga, Viamedis da Almerys. Su ne ke tsakanin farmasi da masu asirans: ka miƙa kartinka ka karɓi magani ba ka biya ba, su suke daidaita lissafin a bayan fage. Abin da ya fita shi ne suna, ranar haihuwa, lambar sekirite sosiyal (lambar shaidar mutum wurin asirans ɗin gwamnati), sunan asirans ɗin mutum da abin da yarjejeniyarsa ta ɗauke masa. CNIL ta ce bayanan banki da na ciwo ba su ciki. Amma ki dubi ƙofar da aka bi: a Viamedis ba wata katanga aka fasa ba, an yaudari ma'aikatan lafiya ne aka karɓe sunan shiga da kalmar sirrinsu, aka shiga kamar su ne.

Alhaji_Katako:
Ni wannan magana ta masu kuɗi ce. Talakan da bai da asusu a banki, me za a sace masa? Hajiya ki kai takardunki ki huta. Sunan innarki ai duk unguwa an san shi.

Ɗan_Liyon:
Alhaji, da girmanka, ba haka ba ne. Ina zaune a Faransa shekara tara. Miliyan 33 kusan rabin mutanen ƙasar ke nan. Lambar sekirite sosiyal ɗin nan lambobi 15 ce, a cikinta akwai namiji ne kai ko mace, shekara da watan haihuwarka, da inda aka haife ka. Kartin banki in ya ɓace ka soke shi a ba ka sabo cikin mako guda. Ranar haihuwarka fa, wa zai ba ka sabuwa? A nan saƙon ƙarya na “zo ka sabunta kartinka na Vitale”, wato kartin asirans ɗin lafiya, ya zama ruwan dare, ni kaina na samu ya fi a ƙirga. Wanda aka kira shi da cikakken sunansa aka faɗa masa sunan asirans ɗinsa, da wuya ya yi shakka.

Ƴar_Konni:
Alhaji bari in ba ka labarin abin da ya same mu, ka ga ko talaka na da abin sacewa. Bara babanmu ya kwanta asibiti kwana shida. Kwana biyu da sallamar shi, wani ya kira wayar innarmu da yamma, tana tsakar gida tana tankaɗen gari. Ya gaishe ta da sunanta, ya ce yaya jikin Malam wane, ya faɗi ɗakin da aka kwantar da shi. Ya ce wata ƙungiyar agaji za ta mayar mana da kuɗin magani, sai dai a tura jaka goma sha biyar na buɗe dosiye. Inna ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta kwance kuɗin adashinta, ta aiki ƙanena ya tura. Daga nan lambar ba ta ƙara shiga ba. Jaka goma sha biyar ba komai ba ce wurin wani, mu a lokacin ita ce kuɗin maganin sati biyu. Abin da ya fi ci mini rai, har yau inna in waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai ta miƙo mini, ta daina ɗauka da kanta.

Alhaji_Katako:
Subhanallahi. Allah ya mayar muku da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya. To amma ɗiyata, wannan ai ba aikin kwamfuta ba ne, wani ne da ke yawo cikin asibitin.

Majo_Mai_Ritaya:
Alhaji ya taɓo inda nake son zuwa. Na yi shekara 31 ina aikin jinya, daga ƙauye har birni. Ku daina hangen ɓarayin intanet na ƙasashen waje kawai, ku dubi teburin da ke gabanku. Rajistan marasa lafiya babban littafi ne, a buɗe yake kan tebur, wanda ke tsaye yana jiran a rubuta shi yana karanta sunaye goma da ke sama da nashi, da unguwa, da abin da ya kawo su. Na yi aiki inda kwamfuta ɗaya ce, kalmar sirri ɗaya, an rubuta ta a ƴar takarda an liƙa a gefen allo saboda masu canjin aiki na dare. Ba mugunta ba ce, ƙarancin kayan aiki ne da yawan jama'a. Mutum ɗaya na duba mutum tamanin a yini, ba ya tuna rufe littafi.
Abin da ke tafiya sama zuwa ma'aikata ta manhajar DHIS2 a rahoton wata, adadi ne: masassarar cizon sauro nawa, haihuwa nawa. Sunaye suna nan ƙasa, cikin littattafai da kwalaye. Amma asirans dabam ne. Ba za a biya wa mutum magani ba sai an san wane ne shi da abin da aka yi masa. Wato dole suna da ciwo su haɗu a layi ɗaya. Nan ne nauyin yake.

Ɗan_Ader:
Majo gaskiya kika hwaɗi. Ni da idona na gani. Ran wata Lahadi na tahi kasuwa, na sayi ƙosai na dala ashirin, anka naɗe mini cikin takarda. Ina ci ina dubin takardar, mai ya jiƙa ta amma ana karantawa. Sai na ga takardar sakamakon awon jini ce, da sunan wata mata, da shekarunta, da ƙauyensu, da tambarin wurin da anka yi awon. Na tambayi mai ƙosai ina ta samo, ta ce yara ka kawo mata da kilo. Allah ya sani ita ba ta iya karatun ba. Na ninke takardar na sa aljihu, da na koma gida na ƙone ta. Amma sauran tulin yana nan gabanta ta danne da dutse.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Wannan ya fi tayar mini da hankali bisa labarin Faransa.

Malam_Lakkol:
Ku bar ni in kawo misalin da ya fi kama da tambayar Maman_Nafisa, don na Faransa kamfanoni ne ƴan tsakani. A Indonesiya akwai hukumar gwamnati mai suna BPJS Kesehatan, ita ke riƙe da asirans ɗin lafiya na ƙasa tun 2014, har da talakawan da gwamnati ke biya wa. A watan Mayun 2021 wani ya fito a wani dandalin ƴan kutse mai suna RaidForums yana tallan bayanan mutum miliyan 279. Adadin ya fi yawan mutanen ƙasar masu rai, don har da waɗanda suka rasu. Ya saki na mutum miliyan ɗaya kyauta don masu saye su ɗanɗana. Gwamnati ta bincika samfurin, ta ce akwai alamu masu ƙarfi cewa daga rumbun hukumar ya fito, ta toshe dandalin a cikin ƙasar. Toshewar ba ta dawo da abin da aka riga aka kwafa ba. Kuma a lokacin ba su da cikakkiyar dokar kare bayanai, sai a 2022 suka yi ta. Abin lura, duk tsarin da ya tara kowa da kowa a rumbu ɗaya, ranar da aka fasa shi kowa da kowa aka kwasa.

Sani_Rezo:
Malam, ƙaramin gyara. Ita ma hukumar gwamnatin Faransa ba ta tsira ba. A Maris 2022 Assurance Maladie, hukumar asirans ɗin lafiya ta ƙasar, ta sanar an leƙa bayanan mutum 510,000, ta hanyar asusun ma'aikatan lafiya 19 da aka sace. Mutum 19 kacal. Shi ya sa maganar Majo ta takardar da aka liƙa a gefen allo ba ƙaramar magana ba ce. Ranar da aka haɗa wannan kwamfutar da intanet, wannan ƴar takardar ita ce makullin gari.

Bawan_Allah227:
Ni dai abin da ke damuna ba sata ba ne, tsadar magani ce. An rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2024, mun gode Allah, amma ordonansi ɗaya sai ta cinye albashin sati. A fara samar da maganin tukuna.

Uwar_Biyu:
Wallahi kuwa. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne tun 2006, amma sau nawa ake ce maka maganin ya ƙare, je ka saya a waje?

Mai_Farmasi:
Wannan zance ne mai tsawo, ku buɗe masa nasa wuri mu tattauna, ina da abin faɗa sosai. Amma kar mu bar Hajiya da takardu a jaka. Ni ta ɓangarena ga abin da nake gani kullum: mutane na turo mini hoton ordonansi ta WhatsApp su ce “akwai wannan?” Da suna da komai. Wayata cike take da su. Sai da wannan hirar na zauna na goge fiye da ɗari. Wayar nan yarana na ɗauka su yi wasa da ita. Don Allah in za ku turo, ku rufe sunan da yatsa ko ku yanke hoton.

Baiwar_Allah:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma maganar Alhaji ta “me za a sace wa talaka” ta tsaya mini a rai. Mutunci za a sace masa.
Ƙanwata an sa mata rana, an kawo kaya, har an fara ɗinki. Ta je awo, aka ga tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Likita ya zaunar da ita ya ce abu ne da ake rayuwa da shi, za a riƙa bibiyarta, mijin kuma akwai allurar rigakafi da zai yi. Ta ce a ba ta kwana biyu ta samu natsuwa ta gaya masa da bakinta. Ba ta samu kwana biyun ba. Wata da ke aiki a wurin ta ɗauki hoton takardar ta tura wa ƙawarta, ƙawar dangin angon ce. Kafin magariba hoton ya kai wayar uwarsa, kuma a hanya labarin ya canza, ya zama wani ciwon dabam da kuka sani. Da safe aka aiko a karɓi kaya. Ina tsaye aka fitar da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ita tana cikin ɗaki ta juya fuska bango. Shekara biyu ke nan, ko bikin ƙawayenta ba ta zuwa.
Ba na cewa a ɓoye wa miji ciwo, ita ma ba ta yi niyyar ɓoyewa ba. Amma maganarta ce, ita ke da hakkin faɗa.

Majo_Mai_Ritaya:
Ɗiyata, Allah ya saka mata, ya ba ta wanda ya fi shi. Wadda ta yi wannan ta ci amanar rigar da ta sa. Sirrin majinyaci shi ne abu na farko da ake koya mana.

Alhaji_Katako:
Na janye maganata. Allah ya yafe mini. Ina da ɗiya mata huɗu, na ji wannan har cikin ƙashina.

Malam_Lakkol:
Abin da ya samu ƙanwar Baiwar_Allah shi aka yi wa jama'a da yawa a Ostareliya a 2022. An kwashe bayanan mutum miliyan 9.7 daga Medibank, mai asirans ɗin lafiya, aka nemi kuɗin fansa, suka ƙi biya. Sai ɓarayin suka fara sakin sunaye kashi-kashi: ga jerin matan da aka rubuta musu zubar da ciki ko ɓari, ga na masu fama da shaye-shaye. Da gangan suka zaɓi abin da zai fi kunyata mutane.

Ɗan_Liyon:
Malam, Medibank kamfani ne mai zaman kansa, gwamnati ta sayar da shi tun 2014. Asirans ɗin lafiya na gwamnati da aka yi wa haka shi ne PhilHealth na ƙasar Filifin. Satumbar 2023 gungun ƴan kutse mai suna Medusa suka kulle musu kwamfutoci suka nemi dalar Amurka 300,000, sama da miliyan 180 na sefa ke nan. Gwamnati ta ce ba ta biya, su kuma suka watsa bayanan.

Bawan_Allah227:
To me ya sa ba za a biya ba a rufa wa mutane asiri? Miliyan 180 wurin gwamnati ai ba kuɗi ba ne.

Sani_Rezo:
Saboda ba kaya ne da ake mayarwa ba, kwafi ne. In an sace maka rago ka biya a dawo da shi, ka san ya dawo. Bayanai kuwa ka biya, suna nan a hannunsa. A Amurka an gwada. Fabrairun 2024 aka shiga Change Healthcare, kamfanin da ke daidaita lissafi tsakanin asibitoci da masu asirans, shugaban uwar kamfanin ya faɗa wa majalisa da bakinsa cewa sun biya dala miliyan 22. Bayan haka wani gungun ya sake fitowa da bayanan yana neman nasa kason. Mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa. Kuma ta ina aka shiga? Ta wata ƙofa da ba a sa mata tabbaci na biyu ba, irin lambar nan da ake turo maka a waya bayan ka sa kalmar sirri.

Bawan_Allah227:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. In sunan matata ne a jerin, zan so a gwada biyan.

Ɗalibar_Shari'a:
Salam. Ina karatun shari'a a Yamai, bari in ƙara abin da ya shafi gida. Nijar na da doka kan wannan. An fara da doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayun 2017, sannan aka maye gurbinta da 2022-59 ta 16 ga Disambar 2022. Akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaron bayanan mutane, kuma ana kai mata ƙara. Bayanan lafiya na cikin waɗanda doka ta ba kariya ta musamman. Duk mai karɓar bayananki wajibi ne ya gaya miki don me yake karɓa, kina da hakkin ganin abin da aka rubuta a kanki, da neman a gyara in akwai kuskure. Yaya Baiwar_Allah, abin da aka yi wa ƙanwarki laifi ne da ake hukuntawa, tona sirrin aiki ne.

Baiwar_Allah:
Na gode ƙanwata. Babanmu ya ce a bar wa Allah, kai ƙara zai ƙara yaɗa maganar ne. Ita ma ba ta son a sake ambaton ta.

Ɗan_Ader:
Wanga shi ne matsalar. Wanda anka tona ma asiri shi ka jin kunyar kai ƙara. Kuma hukumar tana Yamai, tsohuwa da ke Bambay ko Kalfu ina ta san da ita?

Maman_Nafisa:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Amma yanzu tsorona ya ƙaru. In fasa ke nan?

Majo_Mai_Ritaya:
A'a ɗiyata, kar ki fasa. Na ga abin da hawan jini ke yi in an daina shan magani wata biyu saboda babu kuɗi. Na ga tsofaffi da aka kawo a kwance ɓarin jiki ya mutu. Wannan haɗarin yana bakin ƙofa. Ki kai takardun, amma ki je da bakinki. Ki tambaye su wa ke ajiye takardun, a ina, da makulli ko babu, wa da wa ke gani. In a waya ake cikewa, wayar aiki ce ko ta mutum ce da yake tafiya da ita gida. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Sani_Rezo:
Ƙari a kan na Majo. Kowace fotokopi ki ja rubutu da biro a kanta, ta tsakiya yadda ba za a yanke ba: “don rajistar mityel kawai”, da kwanan wata. In ta faɗa hannun wani, zai yi wuya ya yi rajistar layin waya ko wani abu da ita. A wurin mai fotokopi ki karɓe har waɗanda suka lalace, kar ki bar su a kwandon shara. Lambar waya kuma ki ba da taki, ba ta inna ba, tunda ke za ki fi gane mai ƙarya. Sannan ki gaya wa inna, duk wanda ya kira ya ce a turo kuɗi ko a karanto masa lambar da ta shigo waya, ko ya san sunan kakanta, ta kashe ta kira ki.

Uwar_Biyu:
Ni ban yarda da ba da lambar wani ba. In ke kina tafiya aka kira don wani abin gaggawa fa? Gara a koya wa tsofaffin.

Ƴar_Konni:
Yaya, mun koya wa innarmu, ta sani sarai. Ranar da mijinta ke kwance aka kira ta da sunansa, duk abin da aka koya mata ya tafi.

Maman_Nafisa:
Na dawo daga wurin yanzu. Na yi tambayoyin Majo. Matar da ke rajistar ta yi mamaki, ta ce ni ce ta farko da ta taɓa tambaya, amma ba ta ɓata rai ba. Ta buɗe mini kabad ɗin ƙarfe ta nuna mini, da makulli, ita da shugabarsu ke riƙe da shi. Sai dai ta ce tana ɗaukar hoton kowace takarda da wayarta ta tura wa mai shigarwa a kwamfuta. Na ce bayan an tura ana gogewa? Ta yi shiru, sannan ta ce za ta kai maganar taronsu na Asabar. Na yi wa inna rajista, na ja rubutu a fotokopin kamar yadda Sani ya ce. Wurin rubuta ciwo ne na bari babu komai, ta ce in je in yi shawara, in dawo kafin ƙarshen wata.

Mai_Farmasi:
Ki tambaye ta ko barin wurin babu komai zai hana a biya mata maganin hawan jinin. Wasu tsare-tsaren in ba a faɗi ciwon tun farko ba suna ƙin ɗauka daga baya.

Ɗalibar_Shari'a:
Kuma ki nemi a ba ki kwafin takardar da kika sa wa hannu. Taron Asabar ɗin, mambobi na iya halarta ko na shugabanni ne kawai?

Maman_Nafisa:
Ta ce kowa na iya zuwa, bayan la'asar. Zan je da maƙwabciyata, ita ma ta kai na yaranta uku tun makon jiya.